Muhawara: Me ke sa fiffiken tabain ya tsage kafin wa'adin da ke cikin littafi ya cika?

Abu Safiyya:
Assalamu alaikum, manyanmu da abokan aiki. Ina neman ƙarin haske a kan wani al'amari da muka kasa samun matsaya a kansa a wurin aikinmu, wato wata tasha da ke samar da lantarki da tabain (injin mai jerin fukafukai da ke juyawa) mai ƙona iskar gas. Littafin kula da injin ya nuna cewa sai bayan awa 24,000 na aiki ake buɗe sashen da wuta ke bi domin a duba fukafukan jerin farko. Amma da aka tsayar da injin saboda wani ɗan gyara muka zura kyamarar leƙe, sai muka ga 'yan tsagu sirara a gefen baya na wasu fukafukai, kusa da ramukan da iskar sanyaya ƙarfe ke fita, alhali injin bai cinye ko kashi biyu bisa uku na wannan wa'adi ba. Wasu daga cikinmu sun ce ƙarfen ne ba shi da inganci, wasu kuma sun ce lissafin tsawon rayuwar fiffike tun asali hasashe ne kawai da ba a dogara da shi. Shin wanne ne ya fi kusa da gaskiya, kuma ta yaya ake yin wannan lissafi?

Baba Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam, Abu Safiyya. Kafin a ɗora wa ƙarfe laifi, ka koma ɗakin sarrafa injin ka ɗauko littafin rajista, ka ƙirga mini abu uku: sau nawa aka tayar da injin, sau nawa ya katse ba zato yana ɗauke da cikakken lodi, kuma awa nawa aka tura shi sama da zafin da aka tsara masa. Awa 24,000 ɗin da ka karanta yana da sharuɗɗa, domin an rubuta shi ne ga injin da ke ƙona gas mai tsabta, yana tafiya a kan lodi ɗaya, ba a yawan kashe shi da kunna shi. Ko wane kamfani ne ya ƙera naku, za ka tarar yana da hanyar mayar da wahalar da injin ya sha zuwa awanni. A takardar kula da manyan injina da kamfanin GE ya wallafa, katsewa ɗaya daga cikakken lodi ana lissafa ta daidai da tayarwa takwas, awa ɗaya kuma a zafin da ya haura na ƙa'ida da digiri 56 a ma'aunin Celsius ana lissafa ta daidai da awa shida, sannan awa ɗaya a kan man dizal tana zama awa ɗaya da rabi. GE na ƙirga awanni daban da yawan tayarwa daban, duk wanda ya riga cika shi ke kiran gyara, yayin da Siemens ke haɗa su wuri guda su zama adadi ɗaya.

Ka ɗauki mota biyu masu kilomita iri ɗaya a agogo, ɗaya tana dogon zango daga Kano zuwa Legas, ɗaya tana haya a cikin gari tana tsayawa a kowace kwana. Babu bakaniken da zai ce maka tsufansu ɗaya. A ƙasarmu, inda babban layin wuta ke faɗuwa a kai a kai, gas ɗin ma yana zuwa yana yankewa, injin da agogonsa ya nuna shi matashi ne zai iya kasancewa ya riga ya cinye rabonsa na tayarwa. Wurin da ka ce kun ga tsagun ma yana nuna haka. Idan injin ya katse, wuta na mutuwa nan take, amma kwamfiresa na ci gaba da hura iskar da ta fi ƙarfen sanyi nesa ba kusa ba. Gefen fiffiken da yake siriri yana riga tsakiyarsa mai kauri hucewa, yana son ya tsuke, tsakiyar kuma ta hana shi, sai ja mai tsanani ya sauka a daidai wannan gefe. Idan aka maimaita haka sau da yawa, a nan tsaga ke fara fitowa.

Abu Safiyya:
Allah ya saka da alheri, Baba. Na duba rajistar, kuma gaskiya katsewar ba-zata tana da yawa, mafi yawanta daga ɓangaren layi ne. Abin da ya fi damuna shi ne a rubuce ba a bambanta katsewar da ta faru a kan cikakken lodi da wadda ta faru a kan ƙaramin lodi ba, an dai rubuta cewa injin ya tsaya.

Ummu Hanif:
Bayanin Baba daidai ne, sai dai ina so in shimfiɗa abin da ke ƙarƙashin waɗannan alƙaluma, tunda shi nake koyarwa, domin fiffike ba hanya ɗaya yake mutuwa ba, kuma kowace hanya da irin lissafinta.

Farkon nauyin da ke kan fiffike daga juyi yake zuwa. Janareto mai maganaɗisu biyu a layin da ke bugawa sau 50 a daƙiƙa dole ya juya sau 3,000 a minti. A wannan gudu, fiffike mai nauyin kilo 20 wanda tsakiyar nauyinsa ke nesa da sandar juyi da mita 1.4 yana jan gindinsa da ƙarfin da ya kai kimanin tan 280. Wannan ja yana ƙaruwa ne da ninkin gudun a kan kansa, don haka idan gudu ya ƙaru da kashi 10 cikin ɗari, takurar da ke kan ƙarfen na ƙaruwa da kashi 21. Shi ya sa ake yi wa dogayen fukafukai gindi mai kauri da kai siriri, shi ya sa kuma wasu ke ƙera su da titaniyam, wanda nauyinsa bai kai kashi 60 cikin ɗari na ƙarfen sitil ba. Kowace tayarwa da kashewa zagaye ɗaya ne na wannan babban ja haɗe da na zafi, kuma irin gajiyar da yake haifarwa ita ce Coffin da Manson suka yi wa ƙa'ida a farkon shekarun 1950, inda suka danganta yawan zagayen da ƙarfe zai jure da girman lanƙwasar da ba ta komawa daidai.

Na biyu shi ne jijjiga, wadda jan da take yi ƙarami ne amma yawanta ba ya ƙirguwa. Idan akwai tsayayyun fukafukai 60 a gaban jerin da ke juyawa, kowane fiffike na shan bugu 3,000 a daƙiƙa, wato zagaye miliyan goma cikin abin da bai kai awa ɗaya ba. Tun gwaje-gwajen da August Wöhler ya yi a kan sandunan da ke riƙe ƙafafun jiragen ƙasa a Jamus a tsakiyar ƙarni na 19 aka san cewa ƙarfe na karyewa da nauyin da bai kai ya karya shi a karo ɗaya ba, muddin ana maimaitawa. Saboda haka a nan mai zane ba ya ƙirga shekaru, yana ƙoƙari ne ya ajiye jijjigar ƙasa da iyakar da ƙarfen zai jure har abada, tare da la'akari da cewa tsayayyen jan juyi yana rage wannan iyaka, kamar yadda zanen Goodman ke nunawa.

Na uku, wanda ya fi shafar jerin farko na tabain ɗin gas, shi ne miƙewar da ƙarfe ke yi sannu a hankali idan zafi da ja suka daɗe a kansa. Iskar da ke shiga manyan injina na zamani tana haura digiri 1,400, wato ta fi zafin da haɗin ƙarfen nikel ɗin kansa ke fara narkewa, kuma abin da ke tsare shi shi ne iskar sanyaya da ke ratsa cikinsa da siririn shafen yumɓun zirkoniya da ke bayansa. Larson da Miller sun fito da ƙa'idarsu a 1952, kuma idan ka yi aiki da ita za ka ga abin mamaki: ƙarfen da zai yi awa 30,000 a digiri 900, idan zafinsa ya zama 915 a kan ja iri ɗaya, bai fi ya yi awa 15,000 ba. Digiri 15 kacal ya cinye rabin rayuwarsa. A yankinmu wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ƙurar hunturu mai laushi da ta kuɓuce wa matatar iska tana bin iskar sanyaya ta taru a cikin ramukan, ta rage iskar da ke wucewa, ƙarfen ya ƙara zafi ba tare da wani agogo a ɗakin sarrafawa ya nuna ba.

Abu Yasir:
Malama, na gamsu da ilimin, amma ni da nake aikin injinan jiragen sama ina da ja a kan amincewa da sakamakon. Idan digiri 15 na iya raba amsa biyu, kuma ba kasafai ake auna zafin jikin fiffiken kai tsaye yayin da yake juyawa ba, to lambar da kwamfuta ta fitar tana da kyan gani ne kawai. Tarihi ma ya nuna haka. A ranar 8 ga Janairun 1989 jirgin British Midland ya faɗi a Kegworth da ke Ingila, mutum 47 suka rasu, kuma mafarin abin shi ne karyewar fiffiken fanka a sabon samfurin injin CFM56 da aka ƙara wa ƙarfi, saboda wata jijjiga da ke tasowa a sama wadda gwajin da aka yi a ƙasa bai nuna ba. A ranar 17 ga Afrilun 2018 fiffiken fanka ya tsinke daga gindinsa a jirgin Southwest a Amurka, fasinja ɗaya ta rasu, kuma hukumar binciken haɗurra ta gano cewa takurar da ke kan gindin ta fi wadda aka yi hasashe lokacin zane. Haka kuma injin Trent 1000 na Rolls-Royce, wanda daga 2016 aka fara ganin fukafukan tabain ɗinsa suna tsagewa da wuri saboda sinadarin sulfa da ke cin ƙarfen, har jiragen Boeing 787 da dama suka zauna a ƙasa suna jiran gyara. Waɗannan kamfanoni ne da suka fi kowa ƙwararru da kuɗin gwaji. Saboda haka ni a wurina ido da na'urar bincike su ne abin dogaro, lissafi kuwa a bar shi a ofishin masu zane.

Ummu Hanif:
Injiniya Abu Yasir, misalanka gaskiya ne, kuma zan ƙara maka wani rauni da ba ka ambata ba. Ƙa'idar da aka fi amfani da ita wajen tara ɓarna, wadda Palmgren ya fara kawowa a 1924 Miner kuma ya faɗaɗa a 1945, cewa take a raba zagayen da aka yi da zagayen da ƙarfe zai iya jurewa a kowane matakin nauyi, a tara, idan jimilla ta kai 1 rayuwa ta ƙare. Ba ta damu da wane nauyi ya riga wane ba, alhali a gwaji babban nauyi da ya zo da farko yana iya buɗe tsagar da ƙananan za su ci gaba da faɗaɗawa, ƙarfen ya karye jimilla ba ta kai 1 ba. Ga shi kuma samfura biyu daga narki ɗaya, a kan nauyi ɗaya, ɗaya na iya ninka ɗayan rayuwa sau da yawa.

Amma inda na rabu da kai shi ne zaton cewa bincike zai iya tsayawa da ƙafarsa shi kaɗai. Wa ya gaya maka bayan zagaye nawa za ka sake dubawa? Lissafi ne. Paris da Erdogan sun nuna a 1963 cewa saurin girman tsaga yana bin girman jan da ke bakinta, kuma a ƙarafa da yawa idan jan ya ninka biyu, saurin na ninkawa kusan takwas. Da wannan ake ɗaukar mafi girman tsagar da na'urarka za ta iya kuskurewa, a lissafa zagayen da za ta ɗauka kafin ta kai girman karyewa, sannan a raba wannan adadi domin a samu damar ganinta fiye da sau ɗaya. Kuma ido ma yana kuskure. A haɗarin Sioux City da ke Amurka na 19 ga Yulin 1989, faifan da ke riƙe fukafukan fankar injin jirgin DC-10 ya tarwatse daga wani aibi da ke cikin titaniyam tun daga narki, kuma masu bincike sun tarar da ragowar ruwan rinin gano tsaga a cikin tsagar, abin da ya nuna tana nan a lokacin dubawar ƙarshe ba a gan ta ba. A jirgin Southwest ma tsagar ta girmi babban gyaran ƙarshe da aka yi wa injin, shi ya sa bayan nan aka koma duba gindin fukafukan da na'urar sautin da kunne ba ya ji da kuma ta igiyar maganaɗisu.

Ɗan Agadas:
Ina gaida manya. Ni a ɓangaren tabain ɗin tururi na yi aiki, kuma ina so kada a manta da shi, domin a wurinmu matsalar ba a jerin farko mai zafi ta fi yawa ba, a jerin ƙarshe take inda fukafukai suka fi tsawo kuma tururi ya fara komawa ruwa. Ɗigon ruwan yana dukan bakin fiffiken da gudun ɗaruruwan mita a daƙiƙa, har idan ka shafa da yatsa ka ji ya yi kaushi yana kama fata, shi ya sa ake liƙa masa ƙarfen Stellite mai tauri a wannan wuri. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne gishirin da ke cikin ruwan tukunya. A daidai inda tururi ke fara jiƙewa, ɗan gishirin kilorayid yana taruwa, yana huda 'yan ramuka a jikin ƙarfe, musamman a maƙoƙon gindin fiffike inda ido ba ya kaiwa, kuma idan injin ya zauna a kashe cikin danshi ramukan na ƙara zurfi. Ƙarfen da ya yi rami ya rasa waccan iyaka da Malama ta ce zai jure har abada. A 1969 faifan tabain ya fashe a tashar Hinkley Point da ke Ingila saboda tsagar da tsatsa da ja suka haɗu suka haifar, injin yana gwajin wuce gudu.

Sai kuma batun bugun layi, wanda ya shafi manyan injinan tururi irin guda shida masu megawat 220 da ke tashar Egbin a jihar Legas. Kowane fiffike yana da saurin kaɗawarsa na asali, kuma tun aikin Wilfred Campbell na 1924 masu zane ke tabbatar da cewa wannan sauri bai yi daidai da ninkin gudun injin ba. A ce fiffike yana kaɗawa sau 142 a daƙiƙa. A bugun layi 50 ninki na uku 150 ne, akwai tazara. Amma idan layi ya yi nauyi bugun ya sauka zuwa 47.5, ninki na uku ya zama 142.5, sun haɗu ke nan, jijjigar ta ninka sau da yawa. Shi ya sa masu ƙera injin ke ba da 'yan mintuna ƙididdigaggu da aka yarda injin ya yi a wajen iyaka a duk tsawon rayuwarsa, kuma mintunan taruwa suke yi, ba sa gogewa don an kashe injin an huta.

Baba Mai Ritaya:
Madalla da wannan ƙari, Ɗan Agadas. Ni a ganina Abu Yasir da Malama kowannensu ya riƙe rabin gaskiya, amma akwai abu na uku da babu ɗayan biyun da zai yi aiki ba tare da shi ba, wato tarihin fiffiken. Ku masu jirgi, Abu Yasir, kowane faifai yana da lambarsa da takardar zagayensa tun daga ranar da aka ƙera shi, kuma doka ta tilasta a cire shi idan adadin ya cika ko da yana ƙyalli. A tashoshin wuta da yawa ba haka abin yake ba. Na taɓa ganin inda aka kai jerin fukafukai gyara, aka cire tsohon shafe aka yi sabo, suka dawo kamar sababbi, aka haɗa su da wasu daga wani injin, ba tare da an rubuta wanne ya yi awa nawa ba. Sabon shafe ba ya mayar da miƙewar da ta riga ta faru a cikin ƙarfe. Daga ranar babu wani injiniya, komai ƙwarewarsa, da zai iya faɗin sauran rayuwar wannan jeri. Na san matsin da shugabannin tasha ke ciki, domin jeri ɗaya kuɗi ne mai yawa da ake biya da dala, kuma kowace rana da injin ya tsaya asara ce. Amma fiffike ɗaya da ya tsinke a jerin farko yana bi ta kan duk jerin da ke bayansa ya farfasa su, gyaran makonni ya koma na watanni.

Abu Yasir:
Na karɓi maganar tazarar bincike, Malama, domin kuwa mu ma daga irin wannan lissafi umarnin dubawarmu ke fitowa. Abin da har yanzu ban sauka daga kansa ba shi ne a yi amfani da lissafi wajen tsawaita wa'adi. Idan lissafi ya ce a rage, a rage nan take. Idan kuwa ya ce akwai sauran rayuwa, to ba zan sa hannu ba sai an yanka fiffike daga cikin jerin an ga abin da ke cikinsa.

Ummu Hanif:
A kan wannan ba mu da saɓani ko kaɗan, kuma shi ne shawarata ga Abu Safiyya. Ku zaɓi fiffike biyu, wanda ya fi tsagewa da wanda ya fi kyan gani, ku tura su ɗakin gwaji. A buɗe tsagar a duba fuskarta da madubin lantarki: idan ta bi tsakanin ƙwayoyin ƙarfe da 'yan ramuka a kan iyakokinsu, miƙewar zafi ce, idan ta cika da tsatsa tana da 'yan'uwa da yawa a jere a gefen, gajiyar zafi da sanyi ce ta yawan katsewa, idan kuwa fuskar santsi ce mai layuka masu lanƙwasa da suka taso daga wuri guda, a nemi tushen jijjiga. A kuma yanka tsakiyar fiffiken a auna girman ƙananan ƙwayoyin da ke ba haɗin nikel ƙarfinsa, domin suna kumbura gwargwadon zafi da lokaci, kuma daga girmansu ake ƙiyasta ainihin zafin da ƙarfen ya zauna a kai, wanda shi ne adadin da Abu Yasir ya ce ba kasafai ake aunawa ba. Kafin sakamakon ya dawo, ku ciro bayanan lodi daga kwamfutar sarrafa injin, ku sake rarraba kowace katsewa bisa lodin da take kai a lokacin, ku lissafa tayarwar da aka riga aka cinye, sannan ku duba littafin ku ga iyakar tsawon tsagar da aka yarda a ci gaba da aiki da ita a wannan gefe na fiffiken. Idan ko ɗaya ta wuce iyakar, ko ta doshi gindi, kada a sake tayar da injin da wannan jeri.